Tsohuwar mota da sabon inji: tambaya a kan asali da amana

A cikin shekara ta 1990, wata babbar kotu ta birnin Landan ta zauna a kan wata ƙara da ba a saba jin irinta ba. Wani mai tara tsofaffin motoci, Edward Hubbard, ya yi ciniki da kamfanin Middlebridge a kan wata tsohuwar motar tsere ƙirar Bentley, wadda masu sha'awar motoci ke yi wa laƙabi da «Tsohuwar Lamba Ɗaya», a kan kuɗi fam miliyan 10. Bayan an ƙulla ciniki, sai masu saye suka ja da baya. Ba su ce motar ba ta tafiya ba, ba su kuma ce ta sata ba ce. Hujjarsu ita ce, motar da ke gabansu ba ita ce wadda suka yi niyyar saye ba, domin mafi yawan ƙarfen da ke jikinta a ranar da ta yi suna an riga an sauya shi.

Tarihin motar ba ɓoyayye ba ne. An ƙera ta a 1929 da inji mai silinda 6, mai cin lita 6 da rabi. A wannan shekara ta ci tseren awa 24 na garin Le Mans a ƙasar Faransa, Woolf Barnato da Tim Birkin suna karɓa-karɓar tuƙi, ta kuma sake cinsa a 1930. A 1932 bakaniken Barnato, Walter Hassan, ya ɗora ta bisa wani sabon shasi, sannan ya sa mata inji mai lita 8. A watan Satumba na wannan shekara, a filin tsere na Brooklands, motar ta ƙwace ta haura gefen fili, direbanta Clive Dunfee ya rasa ransa. Aka tattara abin da ya saura, aka sake haɗa ta da rufaffiyar gangar jiki irin ta hawan yau da kullum, ta yi ta sauya hannu, har aka zo aka maido mata da kamanninta na 1932.

Alƙali Otton ya saurari shaidu, cikinsu har da Hassan da kansa, wanda a lokacin ya haura shekara 80. Ya yarda cewa ba za a kira motar «ta farko yadda aka ƙera ta» ba. Amma ya lura cewa babu wata rana guda da za a nuna a ce a ranar ce motar ta daina wanzuwa: kowane sauyi an yi shi ne a kan motar da mai ita da bakanikenta da masu shirya tsere suke kira da wannan suna, kuma babu wata mota a duniya da za ta iya yi mata jayayya a kansa. Sai ya yanke hukunci cewa ciniki ya tabbata.

Wannan shari'a ta buɗe ƙofar wata tambaya da ta girmi mota da shekaru dubu biyu. Mene ne ke sa abu ya ci gaba da zama shi ne, alhali sassansa suna sauyawa? Kuma wanda ya mallaki tsohon abu mai daraja, ina iyakar ikonsa a kansa?

Jirgin Teseyus

Marubucin Girka Plutark ya ba da labarin jirgin ruwa mai filafili 30 wanda jarumi Teseyus ya dawo cikinsa daga tsibirin Kirit. Mutanen Atina sun adana jirgin shekaru aru-aru. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire shi su sa sabo. Masana falsafa suka rabu biyu, wasu suna cewa jirgin nan dai shi ne, wasu suna cewa ya zama wani. A 1655 Baturen Ingila Thomas Hobbes ya ƙara wa tambayar nauyi. Ya ce a ƙaddara wani mutum ya riƙa tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa, ya ajiye su, daga baya ya harhaɗa su yadda suke da. Ga jirage biyu ke nan, ɗaya yana da tsohon katako, ɗaya yana da suna da mazauni a tashar ruwa. Wanne ne na Teseyus?

Amsoshin da aka bayar ba su wuce uku ba. Ta farko tana cewa asalin abu yana cikin kayan da aka yi shi da su: katako, ƙarfe, ƙasa. Ta biyu tana cewa yana cikin siffa da aikin da abin yake yi. Ta uku, wadda alƙali Otton ya bi, tana cewa yana cikin tarihin da bai yanke ba. Wannan amsa ta uku ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe ko Bafillace. Garken da mutum ya gada daga kakansa, babu saniya ko ɗaya a cikinsa da kakan ya taɓa tatsa, amma ba wanda zai yi gardama idan aka ce garken gidan wane ne, saboda kowace maraƙa an haife ta ne a cikinsa.

To amma mota ba ta haihuwa, kuma tambayar Hobbes takan faru da ita a zahiri. Idan motar tsere ta yi hatsari, shasinta ya tafi hannun wani, injinta ya tafi hannun wani, bayan shekara 30 sai a wayi gari da motoci biyu, kowace tana riƙe da guntun gaskiya, kowace tana iƙirarin lamba ɗaya. Haka kuma tun 1988 wani kamfani na Ingila, British Motor Heritage, ya shiga ƙera sababbin gangunan jiki na motar MGB da ainihin na'urorin da aka yi na farko da su. Mutum zai iya sayen sabuwar gangar jiki, ya kwashe kayan tsohuwar motarsa ya zuba a ciki. Idan maƙwabcinsa ya ɗauki tsohuwar gangar da aka yar, ya yi mata walda, ya sa mata wani inji, jirage biyu na Hobbes sun tsaya a ƙofar gida ɗaya.

Abin da maido da tsohuwar mota ke nufi

Wanda bai taɓa shiga garejin masu wannan aiki ba zai ɗauka wanki ne da fenti. Motocin gudu na shekarun 1950 da 1960 ba a ƙera su don su kai shekara 60 ba. Tsatsa tana cin ƙasansu daga ciki, roba tana bushewa, wayoyin lantarki suna ɓarewa, kuma inda aka haɗa aluminiyam da baƙin ƙarfe, ɗaya yana cinye ɗaya. Mai maido da mota yakan kwance ta har zuwa noti na ƙarshe, ya ɗauki hoton kowane sashe, ya kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, ya yanke inda ya ruɓe, ya buga sabon faranti da guduma ya liƙa. Injin kuma a buɗe shi, a gyara ramukan silinda, a sa sababbin fistin, a daidaita komai bisa awon kamfani. Aiki ne na awoyi dubbai, kuma sau da yawa kuɗin da yake ci ya fi abin da motar za ta kawo a kasuwa.

Masu wannan sana'a suna girmama abin da suke kira daidaituwar lambobi, wato a tarar lambar da ke bisa inji da ta akwatin giya da ta shasi su ne waɗanda ke rubuce a littafin kamfani ranar da motar ta fito. Kamfanin Ferrari ya buɗe wani sashe na musamman a 2006 don bincika tsofaffin motocinsa da ba su takardar shaida. Ga waɗannan mutane, motar da ta rasa injinta na farko ta rasa wani abu da kuɗi ba ya mayarwa.

Sai dai shi kansa maidowar yana da nasa aibi. Motar da aka gama gyarawa takan fito da fenti mai ƙyallin da kamfani bai taɓa iya yi ba, da ƙofofi masu daidaito fiye da na ranar farko. Kujerar da gwanin direba ya zauna a kanta har fatarta ta tsage an cire ta, an sa sabuwa. An tafi neman gira, an rasa ido. Wannan gardama ta riga ta faru a fagen gine-gine a ƙarni na 19. Bafaranshe Viollet-le-Duc yana ganin maido da gini shi ne a kai shi ga cikar da wataƙila bai taɓa samu ba a kowane zamani. Baturen Ingila John Ruskin, a 1849, ya ɗauki irin wannan aiki a matsayin rushewa da aka lulluɓe da ƙarya, domin tsufan dutse da sawun hannun maginin farko ba a sake ƙera su. Duniyar motoci ta daɗe tana bin Viollet-le-Duc kafin ta fara saurarar Ruskin. Sai a 2024 ne, a gasar Pebble Beach ta ƙasar Amurka, wadda ta fi kowace gasar tsofaffin motoci suna, aka ba motar da ba a maido ba babbar kyauta karo na farko: wata Bugatti ce ta 1934, da tsohon fentinta da tabon shekarunta.

Ranar da aka sa wa Ace zuciyar Amurka

A ɗaya gefen akwai masu sauyawa, waɗanda ke cire tsohon inji su sa wani da ya fi shi ƙarfi. Masu kishin asali suna kallonsu kamar mahauta. Amma tarihi yana da wani labari da ya kamata ya sa su sassauta.

Kamfanin AC na Ingila ya fito da ƙaramar motarsa Ace a 1953, mai shasin bututun ƙarfe da gangar jiki ta aluminiyam. Injinta na farko ƙirar kamfanin ne da ta samo asali tun 1919. Daga 1956 aka riƙa sa mata injin Bristol mai lita 2, wanda shi ma an kwaikwayo shi ne daga wani injin BMW na Jamus na kafin yaƙin duniya na biyu. A 1961 Bristol ya daina ƙera wannan inji. A lokacin ne wani Ba'amurke ɗan jihar Texas, Carroll Shelby, wanda ya taɓa kiwon kaji ya karye, ya kuma ci tseren Le Mans a 1959 kafin ciwon zuciya ya raba shi da tuƙi, ya rubuta wa AC yana neman su ba shi mota ba inji. Kamfanin Ford ya ba shi sabon injinsa mai silinda 8. A 1962 aka haifi Cobra.

Abin lura a nan shi ne yawan abin da ya biyo bayan sauya injin. Inji ba ya aiki shi kaɗai. Idan ƙarfinsa ya ninku, zafin da yake fitarwa yana ƙaruwa, sai lagireto ya gaza. Ƙarfin juyi yana bi ta akwatin giya zuwa aksul na baya, wanda aka auna don rabin wannan nauyi, sai haƙoransa su karye. Motar da ta ƙara gudu tana bukatar birkin da ya fi na da. Idan sabon injin ya fi tsohon nauyi, gaban mota yakan rinjayi bayanta, ta ƙi bin sitiyari a kan kwana. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Saboda haka AC da Shelby suka ƙarfafa aksul, suka sa birkin faifai a ƙafa huɗu, kuma a 1965, da suka kai ga inji mai lita 7, dole ta sa suka sake shasin ɗungurungum da bututu masu kauri, suka faɗaɗa gangar jiki.

Cobra na asali da aka ƙera tsakanin 1962 da 1967 ba su wuce kimanin 1,000 ba. A 2016 aka sayar da ta farkonsu a gwanjo a kan dala miliyan 13.75. Motar da ta fara a matsayin gauraye, jikin Ingila da zuciyar Amurka, ita ce yau ake auna lambobinta da tsananin kishi, kwaikwayonta kuwa sun ninka na asalin sau da yawa. Haka abin ya faru da MGB: wani bakanike mai zaman kansa, Ken Costello, ya fara sa mata injin Rover mai silinda 8, wanda saboda na aluminiyam ne bai fi tsohon mai silinda 4 nauyi ba, sai kamfanin da kansa ya bi sawunsa a 1973. Ko hasumiyar da Viollet-le-Duc ya ɗora bisa majami'ar Notre-Dame ta Paris a tsakiyar ƙarni na 19, wadda ƙari ne daga gare shi, da gobarar 2019 ta cinye ta, Faransa ta sake gina ta yadda ya zana ta, domin a idon jama'a ta riga ta zama asali. Abin da wani zamani ya kira ɓarna, zamani na gaba yakan gaje shi a matsayin al'ada.

Motar da ta yi shiru

Akwai sauyin da ya fi na Shelby zurfi. An nuna Jaguar E-Type karo na farko a kasuwar baje kolin motoci ta Janeba a watan Maris na 1961, da inji mai silinda 6 da lita 3.8, da gudun da aka ce ya kai kilomita 240 a awa. An ƙera sama da 70,000 kafin a daina a tsakiyar shekarun 1970, kuma kyanta ya sa gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya ajiye ɗaya a 1996. A 2017 kamfanin Jaguar da kansa ya ɗauki wata ta 1968, ya cire injinta, ya sa batir da injin lantarki a gurbinsa, an auna su su yi daidai da girman tsohon, yadda za a iya mayar da shi ba tare da an yanka ƙarfe ba. Ita ce motar da yarima Harry na Ingila ya tuƙa ranar aurensa a watan Mayu na 2018.

A 2019 ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta fito ta ce motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. Hujjarta tana da ƙarfi. Shelby ya sauya inji da inji; wannan kuwa ya sauya irin halittar. Ƙarar inji, warin mai, rawar da sitiyari ke yi a hannu, sanin lokacin sauya giya ta hanyar kunne, duk suna cikin abin da motar take koya wa wanda ya hau ta game da zamaninta. Idan aka cire su, siffa ta saura, amma shaidar ta yi shiru. Kamar a ajiye ƙoƙon gurmi da fatarsa da sandarsa, a ɓoye rediyo a ciki.

Masu goyon bayan lantarki su ma ba su rasa abin faɗa ba. Manyan biranen Turai suna ƙuntata wa motoci masu hayaƙi, matasa masu iya daidaita kafireto suna raguwa, kuma motar da ba a hawa tana mutuwa a tsaye: robobinta su bushe, birkinta ya kame. A ganinsu, gara ta yi yawo a titi da baƙuwar zuciya da ta ruɓe a rumfa da tata.

Mai abu da abinsa, ko mai riƙon amana?

A nan tambayar ta tashi daga falsafar asali ta koma ta ɗabi'a. Doka tana ba mai mota ikon ya fente ta, ya yanka ta, ko ya bar ta ga tsatsa. Amma ba duk abin da doka ta halatta ne ya dace ba. Wasu abubuwa, saboda ƙarancinsu ko saboda abin da suka shaida, sun fi tsawon ran mai su, kuma wanda ya saye su ya sayi wa'adin riƙo ne kawai. Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu.

Na farko shi ne auna ƙarancin abu. An ƙera MGB sama da 500,000 tsakanin 1962 da 1980. Wanda ya sa wa tasa babban inji bai rage wa tarihi komai ba, domin dubbai suna nan yadda suke. Ferrari 250 GTO kuwa 36 kacal aka yi. Wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu ya taɓa rabon mutanen da ba a haifa ba tukuna. Ƴancin mai abu yana raguwa gwargwadon yadda abin ya yi wuyar mayarwa.

Na biyu shi ne barin ƙofar komawa. Yarjejeniyar Turin, wadda FIVA ta fara aiki da ita a 2013 bisa koyi da yarjejeniyar Venis ta 1964 a kan gine-ginen tarihi, tana neman a rubuta duk sauyin da aka yi, kuma a yi shi yadda za a iya warware shi. Wanda ya cire inji ya shafe shi da mai, ya rufe shi a akwati tare da takardunsa, ya yi aro ne daga tarihi. Wanda ya yanka shasi ya sayar da tsohon injin ga masu awon ƙarfe ya ci bashin da ba zai iya biya ba. Gaskiya ne cewa injin da ya shiga akwati ba kasafai yake komawa mazauninsa ba, kuma magada sukan sayar da akwatin daban. Duk da haka, ƙofar da aka tura ta fi wadda aka toshe da bulo.

Na uku shi ne cika aiki. Wanda ya ninka ƙarfin inji ya bar birkin 1960 ya sa ransa da na masu tafiya a gefen hanya cikin hatsari. A nan ba maganar ɗanɗano ake yi ba, maganar haƙƙin rai ce.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne faɗin gaskiya. Abin da ya ceci Hubbard a gaban alƙali shi ne cewa kowane sauyi da aka yi wa motar sananne ne, akwai shaidu, akwai takardu. Idan asali yana cikin tarihin da bai yanke ba, to mai yanke shi na haƙiƙa shi ne maƙaryaci. Wanda ya goge lambar inji ya buga wata, ko ya ƙera kwaikwayo ya liƙa mata farantin motar da ta ƙone, ya cuci mai saye, ya kuma gurɓata tarihin sauran motocin, tun da daga ranar kowace sai an yi mata kallon zargi. Kwaikwayon Cobra da aka sayar da sunan kwaikwayo ba shi da laifi ko kaɗan. Kama da wane ba wane ba ce, kuma muddin an faɗi haka, ciniki ya halatta. Algus yana farawa ne daga inda aka ɓoye.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wasan masu kuɗi ne, kuma yana da hujja. A watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135, wato sama da miliyar 88 na kuɗin sefa. Irin wannan farashi yana lalata abin da yake iƙirarin girmamawa: motar da ta kai haka ba a ƙara tuƙa ta sai da fargaba, ta zama takardar banki mai taya huɗu, kuma yawan kuɗin shi ne ke jawo masu buga lambar ƙarya. Amma mafi yawan masu wannan sha'awa ba attajirai ba ne. Malamai ne da ma'aikata da tsofaffin kanikawa masu kashe ranakun hutunsu a ƙarƙashin mota ɗaya shekara da shekaru. Abin da suke rayawa, ban da ƙarfe, shi ne sanin hannu: bugun aluminiyam, ɗinkin fata, sauraren inji. Wannan sani ba ya zama a littafi. Yana rayuwa ne muddin akwai abin da ake gyarawa.

Daga garejin Turai zuwa tashar mota

Sauya inji ba labarin nesa ba ne ga wanda ya taɓa hawa motar haya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, ta yi shekaru tana ɗaukar mutane da kaya a waɗannan hanyoyi, kuma da wuya a sami wadda ta tsufa da injinta na farko. Bakaniken tasha ba ya tambayar Plutark. Abincin iyali yake nema wa mai mota. Duk da haka sharaɗi na uku da na huɗu suna kansa kamar yadda suke kan mai Jaguar. Fasinja yana da haƙƙin birki mai kamawa, mai saye kuma yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke ƙarƙashin murfi.

Sauran sharuɗɗan biyu kuwa sun shafi ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda tarihinta ke komawa ga 1515 aka kuma sake gina ta a 1844, tana tsaye ne saboda ana sabunta yaɓenta. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan magina. Ƙasar da ke fuskarta ta sha sauyawa, amma UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013, bisa fahimtar da taron Nara na ƙasar Japan ya tabbatar a 1994, cewa ingancin abin tarihi yana iya kasancewa cikin dabara da al'adar da ake maimaitawa. Wanda ya shafe ginin ƙasa da siminti don ya huta da yaɓe, ya yi irin aikin mai yanka shasi: siminti yana tsare laima a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, magina kuma su rasa dalilin koya wa ƴaƴansu. Haka malamin da ya ɗauki tatsuniya daga bakin tsohuwa, ya gyara ta don littafin makaranta, ya sauya ƙarshenta don ya dace da darasi. Yana da ikon yin haka, kuma wataƙila tatsuniyar za ta ƙara tsawon rai ta dalilinsa. Abin da ke kansa shi ne ya ajiye yadda ya ji ta tun farko, ya kuma rubuta a ƙasan shafi cewa ya taɓa ta.

Kammalawa

Tsakanin mai kulle mota a ɗaki don kada ƙura ta taɓa ta da mai yanka ta don ta bi son ransa, akwai fili mai faɗi. Tsohuwar Lamba Ɗaya ta rasa shasinta na farko da injinta na farko da gangar jikinta, ta kuma riƙe sunanta a gaban kotu, domin a kowane mataki an san wanda ya taɓa ta, da abin da ya cire, da abin da ya sa. Ba kowane tsohon abu ne zai tsira da sassansa ba. Tsatsa da gara da damina ba sa neman izini. Abin da ke hannun mai riƙo shi ne ya yi sauyin da ya zama dole da ƙwarewa, ya ajiye abin da ya cire, ya kuma miƙa wa na bayansa labarin duka ba tare da ragi ba. Duk ƙungiyar da ke shirin gyara tsohon soro, ko buga tsohuwar waƙa, ko ɗinke rigar wani sarki da ya shuɗe, ya kamata ta tanadi littafin da za ta rubuta abin da ta tarar kafin ta ɗauki guduma ko alƙalami.